Tsaba da Ƙaiƙayi: Tace Saƙonni da Sarrafa Rahoton Kuskure a Ayyukan Manhaja na Gayya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar gwamnati ya san matsayin ɗakin rajista. Nan ne wasiƙa ke fara sauka, a buga mata hatimi, a ba ta lamba, a sa ta cikin fayil, sa'an nan a miƙa ta ga jami'in da ya kamata ya duba ta. Idan rajista ta lalace, kuka na gaskiya sai ya nutse cikin tarin takardun da ba su da amfani, jami'i kuwa ya ƙare yininsa yana karanta abin da bai shafe shi ba. Irin wannan matsala ce ke fuskantar masu rubuta manhaja, watau jerin umurnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, musamman ma waɗanda ke yin aikin a matsayin gayya, inda kowa ke iya ganin rubutun, ya gyara shi, ya kuma raba shi kyauta.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda irin waɗannan ayyuka ke karɓar rahoton kuskure daga jama'a, da yadda suke tsare ƙofarsu daga saƙonnin banza. Za a ɗauki aikin Debian a matsayin babban misali, sa'an nan a leƙa wasu ayyuka biyu domin ƙarin haske. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa dukiyar da ta fi ƙaranci a irin wannan aiki ita ce lokaci da hankalin masu kula da shi, kuma kowace ƙa'ida da suka shimfiɗa hanya ce ta tattalin wannan dukiya.

2.0 Aikin Debian da Ƙofarsa

Wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Ian Murdock ne ya kafa Debian a watan Agusta na 1993. Nufinsa shi ne a tattara manhajoji na kyauta da mutane daban-daban suka rubuta, a haɗa su da Linux, su zama cikakken tsarin da zai tafiyar da kwamfuta. Kowace manhaja ana shirya ta a matsayin ƙunshi, kowane ƙunshi kuma yana da mai kula da shi, ko dai mutum ɗaya ko ƙungiya. Bugu na 12, wanda ya fito a 2023, ya ƙunshi ƙunsoshi fiye da 64,000, alhali kuwa cikakkun membobin aikin ba su wuce kimanin 1,000 ba, kuma galibinsu 'yan sa-kai ne da ke da wata sana'ar da suke ci da ita.

A bayyane yake cewa mutum dubu ba za su iya jarraba ƙunshi dubu sittin a kan kowace irin na'ura ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka dole su dogara ga masu amfani da manhajar, waɗanda ke warwatse a duniya, su sanar da su inda ta gaza. A 1994 Ian Jackson ya rubuta tsarin da ke karɓar waɗannan rahotanni, ya kuma gina shi a kan wasiƙar imel. Ba a neman mutum ya yi rajista ko ya bayyana matsayinsa kafin ya kawo ƙara. A 1997 kuma aikin ya amince da wata yarjejeniya tsakaninsa da jama'a, wadda a cikinta ya yi alkawarin ba zai ɓoye matsalolinsa ba, rahotannin kuskure za su kasance a fili kowa ya gani. A watan Nuwamba na 2021 lambar rahotannin ta kai 1,000,000.

Buɗe ƙofa haka yana da riba babba, domin baƙon da ya yi tuntuɓe da kuskure sau ɗaya a rayuwarsa ba zai juya baya ba saboda wahalar cika fom. Amma ƙofar da baƙo ke shiga ba da sallama ba, ita ce kuma ɗan talla da ɗan damfara ke shiga.

3.0 Asalin Saƙon Banza

Saƙon banza shi ne wanda aka aika wa mutane masu yawa a lokaci ɗaya ba tare da sun nema ba. Na farkon da aka saba ambatawa shi ne na 3 ga Mayu, 1978, lokacin da Gary Thuerk, wani jami'in talla na kamfanin DEC, ya aika gayyatar kallon sababbin kwamfutoci ga mutane kimanin 400 a kan ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. A watan Afrilu na 1994 wasu lauyoyi biyu a Amurka, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar aikinsu game da cacar izinin zama a Amurka zuwa dubban zaurukan Usenet, daga nan ne kuwa abin ya zama sana'a. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan saƙo da shi ya samo asali daga Spam, wani naman gwangwani, ta hanyar wani wasan barkwanci na talabijin na 'yan Monty Python a Ingila a 1970, inda aka yi ta nanata sunan naman har ya danne duk wata magana. Wani reshe na saƙon banza, watau wasiƙar damfara mai neman kuɗin kafin alƙalami, duniya ta san shi da 419, lambar sashen da ya haramta zamba a dokar manyan laifuffuka ta Nijeriya.

Dalilin yawaitar wannan annoba na tattalin arziki ne. A gidan waya mai aikawa ne ke sayen kan sarki, saboda haka sai ya yi tunani kafin ya aika wasiƙa dubu. A imel kuwa aika saƙo miliyan bai fi aika guda ɗaya tsada da wani abin kirki ba, wahalar karantawa da sharewa duk ta koma kan mai karɓa. Ko da mutum ɗaya ne cikin dubbai ya faɗa tarko, ɗan talla ya ci riba. Tsari irin na Debian kuwa, wanda adireshinsa ke a fili, kuma kowane rahoto ke da nasa adireshin, ya zama wurin kiwo mai dausayi ga irin waɗannan mutane.

4.0 Dabarun Tacewa

Akwai dabaru da dama da ake haɗawa, kamar yadda mai aikin hatsi ke sussuka, ta shiƙe, ta kuma tsince tsakuwa da hannu.

Ta farko ita ce ƙa'idar siffa. Sabon rahoto a Debian dole ne ya fara da layin da ke faɗin sunan ƙunshin da ake ƙara a kansa. Saƙon da bai zo da wannan layi ba, ba ya zama rahoto. Ɗan talla da ke watsa saƙo iri ɗaya ga adireshi miliyan ba ya tsayawa ya rubuta irin wannan layi, saboda haka wannan 'yar ƙa'ida kaɗai tana kawar da tarkace mai yawa.

Ta biyu ita ce auna saƙo da maki. Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fitar a 2001, tana yi wa kowane saƙo gwaje-gwaje masu yawa: daga ina ya fito, an taɓa kama wannan tushe da laifi, kan wasiƙar ya dace da cikinta, da sauransu. Kowane gwaji yana da makinsa, idan jimillar ta haye wani ƙaidi sai a ware saƙon.

Ta uku ita ce koyo daga misali. A watan Agusta na 2002 Paul Graham ya wallafa wata maƙala da ta yaɗa wannan hanya, wadda ta dogara ga lissafin yiwuwa na Thomas Bayes, wani malamin coci Bature da ya rasu a 1761. Ana ba na'ura tari biyu, na saƙonnin kirki da na banza, ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a kowane tari. Idan sabon saƙo ya zo sai ta duba kalmominsa, ta haɗa alƙalumansu, ta fitar da hukunci. Amfanin wannan hanya shi ne tana daidaita kanta da wurin da take aiki, domin kalmar da ke da alamar tuhuma a akwatin wani, ta yiwu kalmar yau da kullum ce a akwatin likita ko ma'aikacin banki.

Ta huɗu ita ce jinkirtawa, wadda Evan Harris ya bayyana a 2003. Idan saƙo ya zo daga tushen da ba a sani ba, sai na'ura mai karɓa ta ce a dawo an jima. Na'urar aika wasiƙa ta gaskiya takan dawo, domin haka ƙa'idar imel ta tanada, amma da yawa daga na'urorin 'yan talla na wancan zamani ba sa waiwayowa.

Ta biyar ita ce idon ɗan Adam. A ƙarƙashin kowane rahoto na Debian akwai wurin da mai karatu zai sanar cewa tarkace ya shiga, a zo a share. Haka nan kuma rahoton da aka rufe, idan ya yi kwana 28 ba a taɓa shi ba, ana mayar da shi ma'ajiya, inda ba ya karɓar sabon saƙo sai an sake fito da shi da gangan.

Abin lura a nan shi ne kowane mataci yana iya yin kuskure iri biyu: ya bar tarkace ya wuce, ko ya kama saƙon kirki. Illar biyun ba ɗaya ba ce. Tarkacen da ya wuce kowa na ganinsa, a yi tsaki a share. Rahoton gaskiya da aka kama kuwa ba mai ganinsa, wanda ya aiko shi zai ɗauka an raina shi ne, ba zai sake rubutowa ba, kuskuren kuma ya ci gaba da zama cikin manhajar. Wannan ne ya sa mai tsaron ƙofa mai hankali ya gwammace ya sassauta ƙaidin kaɗan ya sha wahalar shara, da ya tsananta shi ya rasa abin da ba zai taɓa sanin ya rasa ba.

5.0 Tafiyar Rahoto Daga Karɓa Zuwa Rufewa

Rahoton da ya tsallake mataci ana ba shi lamba, a aika wa mai rahoton shaidar karɓa, a kuma tura kwafi ga mai kula da ƙunshin. Daga nan sai aikin tantancewa ya fara, irin wanda ma'aikatan jinya ke yi a ƙofar asibiti domin a san wanda za a fara gani.

Debian tana da matakan tsanani guda 7. Na sama duka shi ne kuskuren da ke lalata dukkan tsarin, ko ya jawo babbar asarar bayanai, ko ya buɗe wa ɓarawo hanya. Na biyu shi ne wanda ya sa ƙunshin kansa ya zama ba shi da amfani. Na uku shi ne babban saɓa wa ƙa'idojin aikin. Waɗannan uku su ne masu hana fitowa, watau ba a son sabon bugu ya fita ɗauke da su, kuma ƙunshin da aka bari da irinsu ba gyara yana iya rasa gurbinsa a bugun da ake shiryawa. Sauran huɗun sun gangaro daga mai muhimmanci, zuwa na yau da kullum, zuwa ƙarami kamar kuskuren rubutu, har zuwa buri, watau roƙon a ƙara wani abin da babu shi.

Bayan mataki akwai alamomi da ake liƙa wa rahoto, kamar yadda jami'i ke rubuta umurni a gefen fayil. Akwai mai nuna ana jiran ƙarin bayani, da mai nuna an kasa maimaita kuskuren, da mai nuna an haɗo da gyara, da mai nuna an ji amma ba za a gyara ba. Idan mutum biyu sun kawo ƙara ɗaya sai a haɗe rahotanninsu. Idan kuskuren daga ainihin marubutan manhajar yake, sai a tura musu, a kuma rubuta inda aka tura. Sa'ad da aka yi gyara, mai kula yakan ambaci lambar rahoton a bayanin sabon ƙunshin, tsarin kuma ya rufe shi da kansa, ya sanar da wanda ya kawo shi.

Ingancin wannan tafiya duka ya rataya ne a kan ingancin rahoton farko. A 1999 Simon Tatham ya rubuta wata maƙala kan yadda ake kai rahoton kuskure, wadda aka fassara zuwa harsuna da dama. Jigonta shi ne mai rahoto ya ba mai gyara damar ganin kuskuren da idonsa: ya faɗi bugun da yake amfani da shi, da abin da ya yi daki-daki, da abin da ya zata zai faru, da abin da ya faru, ya kuma raba abin da ya gani da abin da yake zato. Wanda ya ce wa likita ba ya jin daɗi kawai, ya bar likitan da aikin duba. Domin rage wannan wahala ne Debian ta tanadi wata 'yar manhaja mai suna reportbug, wadda ke tattara bayanan na'urar da kanta, ta kuma nuna wa mutum rahotannin da aka riga aka kawo kafin ya ƙara nasa.

6.0 Darussa Uku

Darasi na farko ya shafi tambayar da ba ta sami cikakkiyar kulawa ba. A 2006 aka kawo rahoto cewa OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, tana sa wata na'urar binciken kuskure mai suna Valgrind yawan gargaɗi. Mai kula da ƙunshin a Debian ya tambayi masu OpenSSL ko zai iya cire layuka biyu, ya sami gajeriyar amsa da ya fahimta a matsayin amincewa, ya cire su. Ɗaya daga layukan kuwa shi ne ke zuba bazuwar lambobin da ke sa makulli ya gagari mai hasashe. Tun daga Satumbar 2006, makullan da aka ƙera a Debian da 'ya'yanta irin su Ubuntu sun taƙaita ga kimanin iri 32,768 a kowane nau'i, adadin da kwamfuta ke iya jarrabawa cikin ɗan lokaci. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello ya gano ɓarnar, aka shiga sauya makullai a duniya. An yi tambaya, an kuma ba da amsa, amma ba wanda ya zauna ya karanta gyaran da natsuwa.

Darasi na biyu ya shafi gajiyar mai kula. Manhajar xz, wadda ke matse fayiloli, tana cikin kusan kowane tsarin Linux, amma shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, Lasse Collin. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka dame shi da ƙorafin cewa aikin ya tsaya, suna matsa masa ya ɗauki mataimaki. A lokacin kuwa wani mai kiran kansa Jia Tan ya riga ya fara kawo gyare-gyare masu kyau, har aka amince da shi aka ba shi iko. A bugu na 5.6.0 da 5.6.1, a farkon 2024, sai aka dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba mai ita damar shiga na'urorin mutane. Andres Freund, wani injiniya da ke gwaji a kan bugun Debian na masu jarrabawa, ya lura cewa shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, ya bi sawu, ya fallasa abin a ranar 29 ga Maris, 2024, kafin ya kai ga manyan bugunan da jama'a ke amfani da su. Saƙonnin matsin lambar nan ba mataci da zai kama su, domin ba talla a cikinsu, an rubuta su ne da harshen mai kishin aiki.

Darasi na uku ya shafi sabon nau'in tarkace. Manhajar curl, wadda Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin ke jagoranta tun 1998, ta fara biyan lada a 2019 ga duk wanda ya gano kuskuren tsaro. Da na'urorin ƙirƙirarriyar basira suka yaɗu, sai rahotanni suka fara zuwa masu tsari da ƙwarewar harshe, amma suna bayyana kuskuren da babu shi. A 2025 Stenberg ya bayyana cewa kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na rahotannin shekarar suka tabbata, alhali kowane ɗaya sai mutane da dama sun bar aikinsu sun bincika shi. A watan Janairu na 2026 aikin ya sanar da dakatar da biyan ladar. Tsohon saƙon banza ana gane shi da kallo ɗaya, wannan kuwa ya sa rigar rahoton gaskiya, ba a gane shi sai an kashe lokacin da ake ƙoƙarin tattalawa.

7.0 Ladabi da Hukunci

Tsaron ƙofa bai tsaya ga tarkace ba, ya haɗa da halin waɗanda aka bari suka shigo. Mai rahoto yakan zo cikin fushi domin aikinsa ya lalace, mai kula kuma yana amsawa ne da dare bayan ya taso daga nasa aikin. Sau da yawa gardama kan tashi a kan matakin tsanani, wannan ya ɗaga, wancan ya sauke. A al'adar Debian mai kula da ƙunshi ne ke da ta cewa a kan ƙunshinsa, masu shirya bugu su ne ke yanke abin da zai hana fitowa, idan kuma saɓani na fasaha ya ƙi ƙarewa akwai kwamitin fasaha da tsarin mulkin aikin ya ba ikon yanke hukunci. A 2014 membobin suka kaɗa ƙuri'a suka amince da ƙa'idar ladabi, wadda ta nemi a girmama juna, a kyautata zato, a kuma taƙaita magana. Taƙaita magana a nan tattali ne, domin saƙo ɗaya mutane da yawa ne ke karanta shi, kowane layin da bai da amfani kuma an ninka asararsa da yawansu.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji huɗu da suka shafi duk wata hukuma mai karɓar koke daga jama'a. Na farko, a sauƙaƙa wa mai gaskiya shigowa, a kuma ɗora masa ɗan nauyin da mai watsa tarkace ba zai ɗauka ba. Na biyu, kowane koke ya sami lamba da shaidar karɓa da mutumin da aka sani yana da alhakinsa. Na uku, a jera koke bisa tsananinsa, ƙarar muryar mai shi ba ita ce ma'auni ba. Na huɗu, a riƙa duba abin da mataci ya kama, domin a nan ne asarar da ba a gani take taruwa.

Sai dai duk waɗannan ƙa'idoji suna komawa ne ga mutum. Labarin OpenSSL da na xz da na curl sun nuna cewa inda hankalin mai kula ya rarrabu, ko ƙarfinsa ya ƙare, nan ne ɓarna ke samun hanya. Bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati a ƙasashe da yawa suna tafiya ne a kan manhajojin da 'yan mutane kaɗan ke kula da su a lokacin hutunsu. Ɗalibin da ya koyi rubuta rahoto mai tsabta, wanda ya bincika kafin ya aika, ya kuma dawo ya amsa tambayar da aka yi masa, ya riga ya ɗauki fartanyarsa ya shiga gayyar, ko da bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba.